Ta ina za mu fara karrama dattijon da ke wasan dabo-dabo a unguwarmu?

Sakataren Unguwa:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani dattijo a unguwarmu, nan cikin birnin Kano, da ya daɗe yana wasan 'yar tsana, irin wanda ake ce wa dabo-dabo. Shi ne mai shiga cikin babbar riga a kafe ta da sanduna, 'yan tsana su riƙa leƙowa ta wuyan rigar suna magana da 'yar siririyar murya. Ranar suna, hutun makaranta, yawon Sallah, duk shi yara ke bi, kuma iyayen yaran ma da wasansa suka tashi. Yanzu girma ya zo, ido ya yi rauni, 'yan tsanan suna cikin wani tsohon buhu a ƙarƙashin gado, kuma babu wanda ya gaje shi. Ƙungiyar matasa ta tara ɗan abin da ya sawwaƙa. Wasu sun ce a yi allon girmamawa da kalanda, wasu sun ce a naɗa shi sarkin dabo. Masu sanin harkar, ta ina ake farawa, me ake tanada, kuma me ya fi ɓata irin wannan taro?

Malam Na-Bakin-Kasuwa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri, Sakatare. Kafin ku buga ko da takarda ɗaya, ku je wurinsa. Kada matasa su je su kaɗai. Ku nemi wani sa'ansa da yake jin nauyinsa ya ja ku, ku riƙe goro, ku gaishe shi, ku faɗa masa niyyarku, sannan ku tambaye shi abin da yake so. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin riga ba a ganin fuskarsa, ba lallai ne ya so a zaunar da shi kujerar gaba ana yi masa kirari awa uku ba. Kuma buhun gero da kuɗin ganin likitan ido sun fi masa allo goma.

Daga wurinsa sai mai unguwa, daga nan sai liman. Kada ku raina zuwa wurin liman. Kalmar dabo tana sa wasu su ɗauka tsafi ne, kuma akwai masu ƙyamar duk abin da aka sassaƙa da siffar mutum. In ba ku yi bayani da wuri ba, sai ana gobe taro ku ji an yi wa'azi a kanku. Ku kai masa 'yar tsana ɗaya ya gani da idonsa: itace ne da tsumma, hannu ke motsa ta. Malamai sun san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana. Hukunci ku bar musu, naku bayani ne kawai. Ku kuma zauna da Baba ku zaɓi wasannin da za a yi, don tsofaffin wasannin nan ba sa rasa habaici da ɗan batsa, ga kuma yara a gaba.

Maganar sarauta, ku ajiye ta tukuna. Ƙungiya ba ta naɗa rawani. Hanyar ita ce mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kamar yadda ake yi wa sauran sarautun sana'a irin su Sarkin Aska da Sarkin Maƙera. In kun naɗa da kanku za a kira ku fada, a kunyata dattijon da kuka so ɗaukakawa. Ko da an bi hanyar, rawani yana zuwa da 'yan taya murna da maroƙa, sai ya wayi gari yana kashe abin da ba shi da shi.

Lokaci: ku guje wa damina, daga Yuni zuwa Satumba, ku kuma guje wa daren hunturu saboda ƙirjin tsoho. Tsakanin La'asar da Magariba ya fi, amma ku sani awa biyu ne da 'yan mintoci, ba ƙari. Addu'a minti 5, mai unguwa minti 5, sai a shiga wasa kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera jawabai a gaba, yara su gaji su fara jifa da tsakuwa, ana fara wasa kuma a kira salla. Mutum biyu sun isa su yi magana a kansa, minti 3 kowanne, kuma su zama waɗanda suka kalle shi suna yara. Ɗan siyasa in ya zo a ba shi kujera, kada a ba shi makirufo.

Kuɗi kuwa, ku raba uku: kashi ɗaya na taron, kashi biyu nasa. In lissafin rumfa da kujeru da janareta ya wuce kashi ɗaya, ku rage taron, kada ku taɓa nasa. A miƙa masa a gida a gaban shaidu biyu, ko a zuba a asusun da ke da sunansa, ba na ɗan ɗan'uwa ba. Liƙi kuma ku hana. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta liƙa naira da tattaka ta, sannan kuɗin da ya faɗi ƙasa ba ya isa hannun mai shi. Ku ajiye faifai a gaban dandali, mutum biyu su tsaya a kansa, a ƙirga a gabansa kafin a watse.

Ɗan Dandamali:

Malam ya gama da tsarin taro. Ni a kan wasan kansa zan yi magana, don a nan ake jin kunya in ba a shirya ba.

Da farko, kada ku gina masa akwatin katako irin na wasan 'yar tsanar Turawa wai don ya yi kyau a hoto. Rigar ita ce dandalinsa. Haka ake yin wasan a ƙasar Hausa, haka a Borno inda ake ce masa dogodogo, wanda an rubuta bayaninsa a mujallar Nigerian Field tun 1935, haka kuma a Nijar inda ake ce wa 'yan tsanan ɗiyan dabo. Hannunsa ya saba da tsayin wuyan rigar, in kun canza masa ko da taƙi ɗaya ne kafaɗarsa za ta gaya masa. In tsohuwar rigar ta mutu, a kai wa tela ita ya auna ya ɗinka irinta da yadi mai kauri, mai duhu. Yadi mai shara-shara yana tona asiri.

Haske ya zo daga gaba. In da rana ne, rana ta kasance a bayan 'yan kallo, wato da yamma 'yan kallo su fuskanci gabas. In kuka juya, abu biyu za su faru: rana ta kashe wa yara ido, kuma inuwar Baba ta fito rangaɗau a jikin rigar, kowa ya ga hannu yana motsi. In dare ya yi muku, ƙwai biyu masu caji sun isa, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaga su sama da kan 'yan tsanan kaɗan, kamar mita biyu daga dandali. Ko kusa kada a sa fitila a cikin rigar.

Sanduna a kafa su sosai a ƙasa. In siminti ne, a cika gwangwanin fenti da yashi a tsoma gindin kowace sanda, a danne bakin rigar da duwatsu ko buhunan yashi ƙanana. Iskar yamma ɗaya tana iya kwashe rigar ta bar dattijo a fili. A shimfiɗa masa tabarma da 'yar katifa da matashi, a sa ruwan sha kusa da hannunsa. Cikin rigar nan zafi ne kamar tanda, don haka kada zango ɗaya ya wuce minti 15 zuwa 20, sai hutun minti 10. Zango biyu sun wadatar.

Sai murya. Siririyar muryar nan daga wani ɗan abu take fitowa da mai wasa ke sawa a bakinsa ya manna a ganda: ɓari biyu ne masu ɗan lanƙwasa da zare ko ƙyalle a tsakani, a ɗaure su tare. A da da ɓawon ƙwan jimina ake yi, yanzu wasu da ɗan ƙarfe. Abu biyu game da shi. Na farko, ana iya haɗiye shi, musamman tsohon da haƙora suka zube ko numfashi ya yi gajere. A ɗaura masa zare mai ƙarfi ya fito waje a maƙale a wuyan riga, kuma in ya ce ba zai iya ba, kada a matsa. Na biyu, maganar ba ta fita sarai, shi ya sa ake da mutum a waje, yawanci tare da makaɗi, yana tambayar 'yar tsana yana maimaita wa jama'a abin da ta ce. Wannan mutumin rabin wasan ne. In tsohon abokin wasansa yana raye, ku nemo shi ko ina yake, ku karrama su tare. In babu, ku ba shi saurayi mai kaifin baki su yi gwaji aƙalla sau uku kafin ranar. Sanƙiran biki ba zai iya ba, zai cika wurin da surutunsa ya danne 'yan tsana.

Makirufo biyu: ɗaya a hannun na waje, ɗaya a kan sanda daf da wuyan rigar. Sifika ta kasance gaba da makirufo tana kallon jama'a, in ba haka ba ta dinga kuka. Janareta a kai shi bayan katanga da doguwar waya. Yara a kan tabarmi a gaba, a ja igiya mita uku daga rigar, a sa manya biyu a baya, don duk yaron da ke wurin burinsa ya ɗaga rigar ya leƙa. Kuma kada da'ira ta zagaye dandalin, a jingina bayansa da bango.

Hajiya Ta-Gidan-Tarihi:

Sakatare, abin da ya tsaya mini a rai shi ne buhun da ke ƙarƙashin gado. Tun yau, kafin maganar taro, a fito da shi, da izinin Baba kuma a gabansa.

A shimfiɗa farin yadi a inuwa, a fito da su ɗaya bayan ɗaya, a riƙe kowace ta kai da jiki tare. Kada a ɗaga ta hannu ko ta riga, zaren ya riga ya ruɓe. Abin da za ku duba: 'yan ƙananan huji a jikin itace, ƙasar gara a manne, cin asu a tufafi, kashin ɓera da na kyankyaso, da funfuna. Don gane ko ƙwaron itacen yana raye, a ɗora 'yar tsanar a kan farar takarda a rufe da kwali mako biyu. In an ga sabon gari mai haske ya zubo, yana ciki yana ci, a ware ta daga sauran.

Hanyar da gidajen tarihi ke bi wajen kashe ƙwaro ita ce sanyi: a naɗe da yadi, a sa a leda a matse iska a ɗaure, a sa a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7 a jere, sannan a fito da ita a bar ta a cikin ledar kwana ɗaya kafin a buɗe, don raɓar ta tsaya a bayan leda. Matsalarmu wuta. In firiza tana narkewa tana sake daskarewa, ƙwaron ba zai mutu ba, itacen kuma zai tsage. Sai dai wurin masu ƙanƙara ko masu kifi da wutarsu ba ta yankewa. Wadda fentinta ke ɓarewa kuwa, kada a sa ta sai ma'aikacin gidan tarihi ya gani. Kuna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a kusa, ku je ku nemi shawara.

Abin da ba a yi, kuma shi masu kyakkyawar niyya suka fi yi: wankewa da sabulu, sake fenti, shafa man gyaɗa ko baƙin mai don ta yi ƙyalli, fesa maganin sauro, liƙe karaya da gam mai kamawa nan take. Mai yana jawo ƙura da ɓera, maganin feshi yana narkar da fenti, gam ɗin kuma ba ya ciruwa. Baƙin da ke wuyan 'yar tsana inda yatsansa ya daɗe yana shiga, ba datti ba ne, a bar shi. Ƙura kawai za a kaɗe da burushi mai laushi irin na masu zane. In Baba da kansa ya ce zai gyara wadda zai yi wasa da ita, kayansa ne, ya gyara, amma a ɗauki hotonta kafin ya taɓa.

Wurin ajiya: akwatin ƙarfe mai tsabta, a shimfiɗa wankakken farin yadin auduga, a naɗe kowace daban, kada a ɗora wata kan wata. A ɗaga akwatin daga ƙasa kamar santimita 15 a kan bulo, a janye shi daga bango saboda gara. Leda ba wurin zama ba ce, da damina tana tara gumi ta kawo funfuna. Hunturu kuma yana busar da itace ya tsage, don haka ɗakin da ba ya shan rana kai tsaye ya fi. Kafur in za a sa, a ƙulle shi a tsumma a kusurwa, kada ya taɓa kayan. A buɗe a duba duk bayan wata uku.

Kowace a ɗaura mata ɗan kati da zare, a rubuta lamba da fensir. A littafi kuma a rubuta lambar, sunan da yake kiran ta, rawar da take takawa, wanda ya sassaƙa ta, irin itacen, da tsawonta. Shi kaɗai ya san waɗannan. Kuma kada zumuɗin taro ya sa wani ya tashi ya ce an ba gidan tarihi ko makaranta kyautar kayan. Nasa ne, bayansa na magada ne. In za a nuna su a wani wuri, aro ne, a rubuce, da ranar dawowa.

Mai Ɗaukar Hoto:

Gaskiyar Hajiya, littafin nan ya fi kalanda. A haɗa shi da ɗaukar bidiyo. Waya biyu sun isa, kowace a kan maƙali, a kwance ba a tsaye ba. Ɗaya ta tsaya kan wuyan rigar kada ta motsa, ɗaya ta ɗauko na waje da makaɗi da fuskokin yara. Waya ta uku a ajiye ta kusa da rigar don sauti kaɗai, saboda na sifika yana fashewa. A sa su a yanayin jirgin sama, kira ɗaya yana yanke ɗauka. A ingancin bidiyo na 1080p, awa ɗaya tana iya cin gigabait 6 zuwa 8, a share wuri tun daga gida. A kwafe ta kebul ko ta katin memori, kada a tura ta WhatsApp don yana rage inganci. Kwafi uku, a gida uku, ɗaya a hannun iyalinsa.

Hirar da shi kuma ba ranar taro ba. A je gida da safe, zama uku ko huɗu, minti 40 kowanne. A miƙa masa 'yar tsana ɗaya a ce, Baba, wannan wace ce? Zai faɗi abin da tambaya goma ba za ta fitar ba: wanda ya koya masa, garuruwan da ya zaga, waƙar da ke tafiya da kowane wasa.

Izini a rubuta shi da Hausa, boko ko ajami, wanda ya fi iya karantawa, a karanta masa a gaban shaidu. A fayyace abin da za a sa a Facebook ko TikTok, abin da za a ajiye kawai, da wanda zai karɓi kuɗi in bidiyon ya kawo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai wasa haƙƙi a kan ɗauka da yaɗa wasansa. Cikin rigar kuma sirrin sana'a ne, kada kyamara ta shiga sai ya yarda.

Malama Mai Aji Uku:

Ina neman afuwar Malam Na-Bakin-Kasuwa, a rabon kuɗin nan ban bi shi duka ba. In an ba Baba kashi biyu a dunƙule, kafin mako ya zagayo 'yan uwa da masu bashi sun ji labari. Gara a ba shi rabi ranar, sauran a mayar da shi ladan koyarwa duk wata. Dattijo ya fi jin daɗin kuɗin da ya yi wa aiki, kuma Sakatare da bakinsa ya ce babu magaji.

Yara 6 zuwa 8 sun isa, 'yan shekara 10 zuwa 14, da yardar iyayensu, sau ɗaya a mako, ranar da babu Islamiyya, awa ɗaya, a zaure ko a aji, da babba ɗaya a zaune. Kada su taɓa tsofaffin 'yan tsanan, su yi nasu. Ga yadda ake yi da abin da ke gida: a naɗe kwali ya zama bututun da ɗan ali zai shiga zuwa gaɓa ta biyu, shi ne wuya. A dunƙula takarda kamar girman lemo a kansa a ɗaure da zare. A dama sitaci kofi ɗaya da ruwa kofi huɗu a kan wuta har ya yi kaurin koko, a zuba gishiri cokali ɗaya saboda funfuna. A yayyaga jarida da hannu, faɗin yatsa biyu, a liƙa shimfiɗa biyar ko shida. Inda ake faɗuwa shi ne gaggawa: in ba a bar kowace shimfiɗa biyu ta bushe ba kafin a ƙara, waje zai yi tauri ciki ya ruɓe ya yi wari. Kan da ya wuce girman lemo kuma yana rinjayar yatsan yaro ya dinga sunkuyawa. Riga daga ragowar yadin tela, faɗinta ya ɗauki babban yatsa da na tsakiya a matsayin hannaye. Abin muryar nan kada a ba yara, su yi da muryarsu.

In an fara wata biyu kafin taron, yaran za su iya yin wasan minti 5 a lokacin hutun Baba, yana zaune yana kallo. Ga masu neman rana, 21 ga Maris ce ranar wasan 'yar tsana ta duniya, ana yin ta tun 2003, sai dai a duba kada ta faɗo cikin azumi, kuma zafi ya fara a lokacin. Wanda ya ce wasan yara ne kawai, a gaya masa UNESCO ta sa wasan dodanni da 'yan tsana na Markala a Mali cikin jerin al'adun duniya a 2014, ta sa Kwagh-hir, wasan dodanni da 'yan tsana na ƙabilar Tibi, a 2019.

Sakataren Unguwa:

Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun soke kalanda, sarauta kuma mun bar wa mai unguwa. Gobe bayan La'asar za mu je gaishe shi. Hajiya, tambaya ɗaya: an ce biyu daga cikin 'yan tsanan tufafinsu na fata ne kuma sun ƙandare. A shafa musu man kaɗanya?

Hajiya Ta-Gidan-Tarihi:

A'a, ɗana, kada ku shafa komai. Man zai sa fatar ta yi duhu, ya bi ta ya shiga itacen, daga baya ya jawo funfuna da ƙwari. Kada kuma ku yi ƙoƙarin miƙar da ita, karyewa za ta yi. Ku cusa ɗan farin yadi a ciki a hankali don ta riƙe siffarta, ku ajiye su a saman akwati inda babu abin da zai danne su. In Baba yana son yin wasa da waɗannan biyun, a kai hotonsu da awonsu wurin dukawa a Kasuwar Kurmi su ɗinka sababbi, tsofaffin su huta.